Maganar Haisam a Ɗakin Famfo

Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunan Yaya Haisam ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In Baba yana nemansa sai ya ce da Inna, "Ina wancan?" In Yaya ya yi abin a yaba, Baba ya kan kau da kai ya shiga zancen gero, kamar ba a gabansa aka yi ba. Ba su ci a kwano ɗaya, ba su zama kan tabarma ɗaya. Ni kuwa Saliha, da na zo daga baya, ni ce ƴar gaban goshi. In yi wa Baba gardama, in ƙwace masa rediyo, dariya kawai yake yi. Na sha cika ina batsewa a kan wannan al'ada, ina cewa wane irin so ne wannan da ba ya da baki. Yaya sai ya ce in bar abin da ban gane ba.

Baba, wato Malam Labo, shi ke kula da ruwan garinmu, wani ɗan gari da ke gefen Cadakori. Tun zamanin injin gazuwal mai hayaƙi yake wannan aiki. Da aka kawo faifan hasken rana, Yaya ya riga ya gama lakol, wato makarantar boko, a Maradi ya dawo da ilimin kwamfuta. Shi ya dasa wata ƴar ƙaramar na'ura a ɗakin da ke ƙarƙashin shato, babban tankin nan da ke tsaye kan ƙafafun ƙarfe. Ya rubuta mata jerin umarni, irin wanda mu masu aikin muke kira skirif na shell, ya sa masa suna ruwa. Da shi ake tada famfo, da shi ake buɗe bututun kowace unguwa a rufe. Kowane bututu da lambarsa.

Sai aka zo kan wanda zai koya wa Baba. Yaya ya gwada sau ɗaya. Ya jawo kujera ya ce, "Da an zamna nan in nuna." Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi rufin ɗakin, ya ce zai je ya duba jaki. Bai dawo ba sai da Yaya ya tafi. Kuma duk garin an san jakinmu lafiyarsa lau.

To, a irin wannan rubutu akwai wata ƙa'ida. Duk layin da ya fara da alamar # na'ura ba ta kula shi, tsallake shi take yi. Don mutane ake rubuta shi, saboda wanda zai zo daga baya ya gane abin da aka yi. Yawanci masu aikin da Faransanci ko Turanci suke yi, a taƙaice, kamar ana cire musu haƙori. Yaya da Hausa ya yi nasa. A saman kowane umarni ya rubuta bayaninsa, ya sa masa alamar sau biyu, sannan ya ƙara layi ɗaya da ke bin rubutun daga sama har ƙasa yana tsinto masu alama biyun. In ka buga kalmomi biyu, ruwa bayani, sai su jeru a kan allo. Umarni da bayaninsa a wuri guda suke, babu wata takarda a gefe da gara za ta ci ko akuya ta tauna.

Baba ya yi yaƙi da jahilci a zamaninsa, yana karanta boko a hankali da yatsa. Ni aka aika in nuna masa kalmomin nan biyu. Ya kira alamar gidan dara, kuma har yau haka nake kiranta a raina. Ga irin abin da yake gani:

## In rana ba ta hito sosai ba kada a tada famfo. A sha koko tukuna, ba ya gudu.

## Lamba biyu kwamin dabbobi ne. A buɗe da hantsi, a ruhe da azahar, makiyaya sun gama shayarwa sa'annan.

## In allo ya yi ja, ba lalacewa ba ce. A dubi faifan rana, tattabarun Baffa Sha'ibu ne sunka yi aikinsu.

Babu "ka", babu "Baba", ko sallama bai sa ba, don sallama ai zance ce. Aiki ne tsantsa, a yi kaza, a bar kaza. Amma duk wanda ya san Yaya in ya karanta sai ya ji muryarsa, har da yadda yake danne dariya. Baba bai taɓa cewa komai a kai ba. Sai dai kullum da safe in ya dawo daga masallaci, ya buɗe ɗakin, ya buga kalmomin, ya karanta tun daga farko har ƙarshe kafin ya taɓa komai. Cikin wata guda ya haddace aikin tsaf, amma bai daina ba. Wata safiya na leƙa ta taga na gan shi yana murmushi a kan layin tattabaru. Da ya ji motsina sai ya haɗe fuska ya ce allon ne ya yi ƙura.

Sanƙarau ne ya ɗauke Yaya, a bazarar bara waccan. Ya kwanta da ciwon kai, aka kai shi Gidan Rumji, ba a dawo da shi da rai ba. Ba ni son tsayawa kan wannan. Inna ta yi kukanta a ɗaka, a ɓoye, don ita ma ɗan farinta ne. Baba ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa ido a bushe, yana cewa mai abu ya karɓi abinsa. Mutane suna fita suna yaba tawakkalinsa. Ni kuwa haushinsa nake ji kamar in fashe. Washegari da safe na ga ya ɗauki mabuɗi ya nufi shato, na ce a raina ko yau ma ruwa ne a gabansa. Ya daɗe a ciki fiye da kullum.

Aikin na'urar ya dawo hannuna, don Yaya ya koya mani, kuma da shi nake ci a buron meri, ofishin magajin gari, a Gidan Rumji. Kowace Asabar nakan hau moto, wato babur, in zo gida in duba ta.

Gari ba ya tsayawa don wani ya mutu. Aka haƙa wa makiyaya rijiya a bayan gari, aka ɗauke kwami. Bututun da ke kai masa ruwa aka ƙara shi aka kai sabon ɗakin haihuwa na likita, wato asibitin garin. Aka sauya famfo da babba, aka kawo batura, aka ƙara faifai. Duk abin da ya canza na bi na gyara umarninsa a cikin rubutun. Ranar da na zo kan bayanin, Baba yana tsaye a bayana.

"Mi za ki yi nan?" ya ce.

"Zan gyara bayanin, Baba. Ya tsufa. Lamba biyu ba kwami ba ce yanzu, likita ce."

"Bar shi."

"Ai ƙarya yake faɗi yanzu."

"Na san in ya ce kwami, likita yake nuhi. Ba ni ka karantawa ba? Bar shi yadda yake."

Na faɗa masa dokar da Yaya ya kafa mani tun ina koyo, cewa in na taɓa umarni in gyara bayanin da ke kansa kafin in tashi daga kujera. Bayanin da ya tsufa ya fi rashin bayani sharri, don shi yarda ake yi da shi. Baba ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na ji." Wanda ya san Baba ya san "na ji" ɗinsa rufe ƙofa ce. Na yi ta ƙunƙuni har gida, amma na bari.

Haka aka ci gaba har damina ta wuce. Sai aka yi rasuwa a dangin Inna a Sae Sabuwa, Baba ya tafi gaisuwa da kwana. Ya bar mabuɗi a hannun ƙanensa, Baffa Sha'ibu, ya yi masa bayani da baki yana kan hawa moto. Baffa mutum ne mai tsoron kuskure. Abin da aka faɗa masa a tsaye ya bi iska, sai ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya buga kalmomin ya bi abin da allo ya ce. Da azahar ya rufe lamba biyu, ya kulle ɗakin, ya tafi gona da mabuɗi a aljihu yana jin ya sauke nauyi.

Da la'asar aka kawo wata mata a kan amalanke, naƙuda ta tsananta, ga jini. Inna Mero ungozoma ta murɗa famfo, ko ɗigo. Matan unguwa ne suka yi ta gudu da jarkoki da tukwane, wata har da ruwan da ta ɗora na tuwo. Allah ya taƙaita, uwa da ɗiya duk sun rayu, amma an sha wuya, kuma sai da aka wuce da uwar Gidan Rumji.

Ranar Asabar na iske Inna Mero a ƙofar gidanmu. Tsohuwa ce da ta karɓi haihuwar rabin garin, har da ni da Yaya, kuma ba ta tauna magana.

"Malam Labo," ta ce, "ban zo faɗa ba. Sha'ibu ya ce abin da anka rubuta ya bi, kuma na yarda da shi. In yaron nan ne ya rubuta, Allah ya jiƙansa, lokacin da ya rubuta gaskiya ce. Amma ni da hannuna cikin jini ba ni da lokacin tuna wa ya rubuta mi."

Baba bai kare kansa ba. Ya ce, "Kin yi gaskiya, Mero. Laihina ne." Na so in ji daɗi tunda maganata ta fito, amma da na dubi fuskarsa daɗin ya ƙi zuwa.

Muka tafi ɗakin famfo mu biyu. A hanya na shirya dabarata, don ni ma ba so nake in goge hannun Yaya ba.

"Baba, ba sai ya ɓace ba," na ce. "Zan kwashe tsohon in aje shi waje daban. In yi maka wata kalma, duk sadda ka buga ta sai ya hito kamar da. Ko in buga maka shi a takarda a buro."

Ya zauna a kan kujerar da ya ƙi zama a kanta ranar da Yaya ya jawo masa ita. Ya daɗe yana kallon allon.

"In buga ta don mi?" ya ce.

"Don ka karanta mana."

"Saliha, yanzu in na shigo nan, aiki nike dubawa. Kowa ya gan ni ya san aiki nike. Ni ma haka nike ce ma kaina. In kin raba shi da aikin, mi zan ce ina yi? Tsoho ya ruhe ƙofa yana karatun ɗan fari?" Ya girgiza kai. "Yana raye ban zamna na saurare shi ba. Ta nan kaɗai yake yi mani magana, ta nan kaɗai nike ji. In ba aiki cikinta, ba ni iya buɗe ta."

A nan na gane abin da Yaya ya ce ban gane ba, kuma zuciyata ta karye. Shekara da shekaru ina zargin mutumin nan da taurin zuciya, ashe kullum da safe wurin ɗansa yake zuwa, ta ƙofar da al'ada ta bar masa. Kuma ni ce zan toshe ta da hannuna. Na yi kuka sosai. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce in buɗe rubutun mu bi shi layi layi. Wanda yake gaskiya a bar shi, wanda ya zama ƙarya a cire.

Na zama lauya ranar nan. Kowane layi sai na nemo masa hujja.

"Na kokon nan fa? Ai ba laihi mutum ya jira rana."

"Da batura yanzu. In wani ya jira rana, mutane su rasa ruwan alwala. Cire."

"Na tattabaru ai ba ya cutar da kowa."

"Sha'ibu ya saida tattabarunshi tun bara. In allo ya yi ja yanzu, batir ne. Cire."

Wanda jiya ya hana a taɓa ko ɗigo, yau ya fi alƙali tsanani. Ina gogewa ina rubuta nawa a gurbin, busasshe, ba gishiri. Ban yi ƙoƙarin kwaikwayon Yaya ba, da na yi Baba zai gane tun daga kalmar farko. Haka muka yi ta sauka har muka kai can ƙasa, inda ake duba yawan ruwan tanki. Nan muka iske wannan:

## In za a hau shato a duba da ido, matakalar da ke kusa da sama tana rawa. A tsallake ta. A riƙe da hannu biyu, don Allah.

Na ɗora yatsa ban danna ba. Baba ya matso, ya bi layin da yatsa har ƙarshe.

"Wagga gaskiya ce har yanzu," ya ce.

"Gaskiya ce, Baba."

"To, bar ta."

Ita kaɗai ta tsira. Baba ya koma al'adarsa, kullum da safe ya buga kalmomin, ya bi nawa da sauri kamar mai wuce kasuwa, in ya kai ƙasa sai ya tsaya.

Matakalar kuwa ta ci gaba da rawa. Shagon Ɗan Azumi mai walda yana nan bakin kasuwa, ana jin ƙarar injinsa daga gidanmu, aikin kuma bai fi shan shayi ba. Da farko na yi ta mita, ina cewa mutum mai furfura yana hawa sama kan ruɓaɓɓen ƙarfe, wata rana sai mun kwaso shi a tabarma. Baba ya ce zai yi magana, bai yi ba. Na sake tunawa, ya ce Ɗan Azumi aiki ya yi masa yawa. A karo na gaba na buɗe baki ke nan sai na ga yadda yake kallona, na mayar da maganar ciki. Daga nan kullum na zo ni nake hawa in duba tankin, don kada ya sami dalilin hawa. Na san duk da haka yana hawa in ba na nan. Ina tsoro, ina kuma yin shiru, mu biyu muna gadin ƙarfe mai rawa kamar dukiya.

Ɗan Azumi abokin Yaya ne tun suna kiwon awaki. Wata Juma'a da hantsi, Baba yana gida yana shirin masallaci, sai Ɗan Azumi ya ɗora injinsa a amalanke ya tafi shato ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya hau ya ɗinke matakalar, ya bi sauran ya ƙarfafa su, har fenti ya shafa. Bayan an sauko daga masallaci ya tari Baba a gaban jama'a.

"Baba Labo, na gyara tsanin nan. Ba a biyana komi. Marigayi ya sha yi mani maganarshi, ina ta cewa gobe, har Allah ya yi ikonsa. Abin yana damuna. Sadaka ce, Allah ya kai mashi ladan."

Inna ce ta ba ni labari da na zo washegari. Ta ce Baba ya riƙe hannun Ɗan Azumi da hannu biyu ya yi ta sa masa albarka, har mutane suna cewa amin. Ta ce da ya shigo gida bai ci abincin rana ba.

Na yanke shawara ba zan ce uffan ba. Gargaɗi a kan matakala mai ƙarfi wa zai cuta? Mutum ya tsallake ta, ya riƙe da hannu biyu, ya sauko lafiya. Na zauna ina taya Inna tsinkar zogale, ina ta surutu a kan tsadar moto don kada a sami gurbin wata magana. Sai ga inuwar Baba a kaina.

"Saliha, ɗauko mabuɗi."

"Na duba na'ura ɗazu, Baba, lahiyarta lau."

"Akwai layi guda da ya saura."

"Wannan ba ya cutar da kowa," na ce, muryata tana tashi. "Ba bututu ba ne, ba likita ba ce. Ko shekara nawa ya yi nan ba wanda zai rasa ruwa. Wa ma ya sani in ba ni da kai ba? Don Allah, Baba, ka bar shi."

"Ni na sani," ya ce. "Kullum zan karanta, in san ba haka ba ne. Yana raye bai taɓa yi mani ƙarya ba. Ba ni zan sa shi ya fara yanzu ba."

Inna ta ci gaba da tsinkar zogalenta, kanta a sunkuye, hawaye na sauka cikin faifan. Na tashi na ɗauko mabuɗin.

A ɗakin famfo Baba bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya juya mani baya, yana kallon matan da ke layi da jarkokinsu. Na buɗe rubutun na sauka ƙasa. Na karanta layin sau ɗaya a zuci. Na goge shi, na adana.

"An yi?" ya ce, bai waiwayo ba.

"An yi, Baba."

Ya shigo ya buga kalmomin da yatsa ɗaya. Ya karanta bayanina a hankali tun daga sama, bai tsallake ko layi ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe yatsarsa ta ɗan tsaya a kan allon, inda babu komai.

"Daidai ne," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ya buɗe lamba ɗaya, muka ji ruwa ya kama gudu cikin bututu, matan waje suka fara matsar da jarkoki. Tun daga ranar Baba bai sake buga kalmomin nan ba. Ya kan shiga da safe, ya buɗe ruwa, ya kulle ƙofa ya dawo gida tun koko bai huce ba.